Tandun Inna ya je Kano

Ranar da zan bar Gusau, tun kafin assalatu Inna ta aiko jikarta ta tashe ni. Na tarar da ita zaune a kan buzu, ta buɗe tsohuwar adakarta da ba mai taɓawa sai ita. Ta laluba ƙasan kaya ta zaro ɗan tandu na fata, ya yi baƙi ƙirin, yana sheƙi saboda shafar hannu ta shekara da shekaru. Ta ce, "Ungo. Ƙafar nan ba za ta kai ni Kano ba. In kin je ki sa wa yaron nan kwalli da hannunki, ki ce masa daga kakarsa." Da tandun nan ta sa mana kwalli mu takwas, daga ni babba har Auta, wanda shi ne yanzu aka yi wa haihuwar fari. Na karɓa da hannu biyu, na ƙulle shi a bakin tsohon gyale, na tura can ƙasan jaka.

Daga Gusau zuwa Tsafe zuwa Yankara motar tsit take, kowa da carbinsa, direba bai ɗaga ƙafa ba, don duk mai bin hanyar nan ya san abin da ake tsoro. Sai da muka shiga Funtuwa aka fara jin muryar mutane, wata ta sayi rake, wani ya kunna rediyo. Muka bi ta Bakori da Malumfashi da Dayi muka faɗa Gwarzo, hazon hunturu ya lulluɓe gonaki. Ana kiran azahar muka wuce sabuwar Jami'ar Bayero, muka gangara Rijiyar Zaki, cunkoson adaidaita sahu ya tarbe mu a Kabuga. A nan Auta yake jirana.

Ɗakin maijego na ƙamshin turaren wuta da kunun kanwa. Aka miƙo mini yaron a naɗe, kwanansa huɗu a duniya. An ja masa kwalli a ido, an zana masa gira siririya, ya yi kyau kamar ka sace. Na yi ta tubarkalla. Na ce a raina, ranar suna da safe sai in ƙara masa da na kakarsa, in cika aike.

Ni malamar kimiyyar sinadarai ce a wata sakandaren 'yan mata, shekara 19 ke nan ina riƙe da alli. Auta kuwa kimiyyar ƙasa ya karanta, yana aiki da wani kamfani mai sayen duwatsun ma'adinai da tsofaffin ƙarafa. Tun bara yake ba ni labarin wata na'urar lesa, wato dunƙulallen haske mai ƙarfi, da suke yawo da ita, wai kana ɗora ta a kan ƙarfe take faɗa maka abin da ke cikinsa. Na sha karanta irinta a takarda, ban taɓa riƙe ta ba. Gani ya kori ji, shi ya sa da ya ce washegari yana da aiki a Ƙofar Ruwa, kuma akwai cefanen suna da za a yi a cikin gari, na ce ƙafarsa ƙafata.

Ƙofar Ruwa da hantsi, kunne ba ya hutawa. Ana saran rodi, ana sauke kwano, ana jan amalanke, 'yan gwangwan na zuwa da buhuna a ka ana ɗora musu a sikeli. Muka ratsa har wani fili da aka tara tsofaffin bututu da sassan injina kamar tsauni. Mai wurin dattijo ne, gemunsa ya yi fari, yatsunsa duk tabon yanka. Kafin Auta ya buɗe akwatinsa na roƙe shi, "Baba, don Allah nuna mini yadda kuke gane ƙarfe tun kafin zuwan wannan abu." Ya yi murmushi, ya zaro mayen ƙarfe daga aljihu, ya manna wa wani bututu, ya kama. Ya manna wa wani, ya faɗi ƙasa. Ya ce wannan silba ce. Sannan ya sa yaronsa ya kunna injin wasa ƙarfe, ya ɗauki guntun rodi ya goga. Tartsatsi ya fito dogo, ja-ja, yana tafiya miƙe. Ya ajiye, ya ɗauki guntun sifirin na mota. Wannan tartsatsinsa ya fi haske, kowane ɗaya in ya kai ƙarshe sai ya fashe ya yi rassa kamar furen ciyawa. "Kin gani, Malama? Wannan ya yi wuƙa, ya yi gatari. Wancan sai gini."

Abin da dattijon nan yake karantawa da ido, yawan sinadarin kabon ne a cikin ƙarfe, kuma daidai yake karanta shi. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Na tsaya ina kallonsa da girmamawa, don a ƙasan Dutsen Dala muke, inda tarihi ya ce maƙera ne suka fara zama saboda tama. Sai ya jawo bututu biyu na silba, dukansu mayen ƙarfe ba ya kama su, dukansu fari tas. Ya ce a nan ne idonsa yake tsayawa, kuma a nan ne kuɗi suke.

Auta ya ɗauko na'urar. Girmanta bai wuce na injin huda katako na hannu ba, mutanen kasuwar "bindiga" suke ce mata. Ya ba ni tabarau na musamman na sa, shi ma ya sa. Ya kankare ɗan wuri a jikin bututun har dattin ya fita, ya manna bakin na'urar, ya danna. Na ji ƙas-ƙas-ƙas, kamar ana ƙyasta ashana mai sanyi. Kafin in ƙirga uku rubutu ya fito a allonta. Na farko 304, lambar irin silbarsa ke nan. Na biyu 316, ga sinadarin molibdinom a jere cikin abin da ta lissafa, wanda shi ne yake sa irin wannan silba jure gishiri, shi ne kuma yake sa ta fi tsada. Na duba wurin da aka harba, sai da na kanne ido na ga ɗan ɗigo, bai kai kan allura ba.

A hanyarmu ta fita muka zauna a benci gun mai shayi, na ce ya warware mini abin daga tushe. Ashe tushen a ajina yake. Duk shekara ina yi wa ɗalibaina gwajin harshen wuta: a barbaɗa gishiri, wuta ta koma rawaya, a sa jan ƙarfe, ta koma kore. A 1859 da 1860, a garin Haidelbag na Jamus, Robert Bunsen da Gustav Kirchhoff suka bi da irin wannan haske ta cikin gilashi mai kusurwa uku, wanda yake baje haske kamar bakan gizo. Suka tarar kowane sinadari yana da layukansa na haske a wuraren da ba sa canzawa, yadda a da ake gane Bagobiri ko Bakabe da tsagen fuskarsa tun bai buɗe baki ba. Da haka suka gano sinadarai biyu da ba a san da su ba, siziyom da rubidiyom. Da haka kuma aka ga alamar iskar hiliyom a hasken rana a 1868, sai a 1895 aka same ta a doron ƙasa.

Matsalar wutar fitila, ba ta iya narkar da dutse ko ƙarfe. Lesa kuwa tana iyawa. Theodore Maiman ne ya kunna ta farko a Amurka a 1960, da sandar jan yaƙutu. Na'urar Auta tana tattara hasken lesa ta dunƙule shi a ɗigo guda, ta sake shi cikin 'yan kashi kaɗan daga biliyan na daƙiƙa. Ɗan abin da ya taɓa sai ya tashi ya zama tartsatsi mai zafin da yake kai digiri 10,000, alhali fuskar rana kanta wajen 5,500 take. Tartsatsin na hucewa, kowace ƙwayar zarra a cikinsa sai ta saki haskenta na gado, na'ura ta baje shi ta karanta tsagen kowa. Sunan dabarar a taƙaice LIBS. Na ce wa Auta, ashe tartsatsin Baba ne aka mayar ƙarami, aka ba shi idon da ya fi namu. Ya ce ƙwarai kuwa, Yaya.

Abin da ya canza a 'yan shekarun nan shi ne girma da sauri. Kayan da a da sai ɗaki guda da tebur mai nauyi, yau ga su a hannu da batir. Motar bincike Curiosity da ta sauka a duniyar Mas a watan Agustan 2012 tana harba irin wannan lesa ga dutsen da ke nesa da ita har mita 7, ta karanta tartsatsin daga inda take tsaye. A Agustan 2023 'yar motar Indiya da ta sauka kusa da kudancin wata ta tabbatar da akwai farar wuta a ƙasar wurin, da wannan dabara. A bangon ɗakin gwajinmu akwai hoton Ahmed Zewail, ɗan Masar da ya ci kyautar Nobel a 1999, wanda ya yi aiki da walƙiyar lesa mai gajartar kashi ɗaya cikin miliyan sau biliyan na daƙiƙa har ya bi sawun yadda sinadarai ke rabuwa da haɗuwa. Nakan nuna wa yara shi don su san ɗan nahiyarmu ne. Ban taɓa zaton zan ga dangin aikinsa a gefen mai shayi a Ƙofar Ruwa ba.

Kamfaninsu Auta saboda litiyom suka sayi tasu. Tun da aka fara rububin duwatsun batir a Nasarawa da Kaduna da Kwara, kowa ya tsinci farin dutse mai ratsin shuɗi ko ruwan hoda sai ya ɗauko ya nufo birni. Tsohuwar na'urar hannu mai aiki da hasken hoton ƙashi ba ta ganin litiyom, don ya yi mata rashin nauyi. Lesa kuwa tana ganinsa, yana da jan layi a nanomita 670.8 na ma'aunin launin haske. Auta ya ce ya sha ganin mutum ya sayar da akuyarsa ya yi kuɗin mota, ya zo da buhun dutse, a harba a ga babu komai. Ya kuma ja mini kunne cewa na'urar ɗigo ɗaya take karantawa, dutse kuwa ba fura ba ne da za a ce an dama ya haɗe. Wanda ya harba sau ɗaya ya yanke farashi, ko ya cuci mai kaya ko ya cuci kansa. Sai an niƙa, an cakuɗa, an harba wurare da yawa, an kuma gwada ta da samfurin da aka riga aka san abin da ke cikinsa.

Daga nan muka shiga gari ta Jakara zuwa Kurmi, kasuwar da ake danganta kafuwarta da Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15. Lungunanta ƙunci, rumfa na shafar rumfa, ƙamshin kanumfari da citta da fata da turare duk a haɗe. Muka sayi kayan yajin jego, masoro da kimba da citta, muka sayi turaren wuta. A layin 'yan koli na ga tire cike da duwatsun kwalli ba a niƙa ba. Na ɗauki ɗaya. Ya fi girmansa nauyi, yana walƙiya kamar azurfa, inda ya fashe kuma ya bar matakala ƙanana masu kusurwa huɗu, kamar an yanka da wuƙa. Gabana ya faɗi. Wannan siffa na sha zana ta a allo, siffar galina ce, dutsen da ake fitar da dalma daga cikinsa. Na san a takarda cewa kwalli da yawa galina ne, amma sanin yana aji, tandun Inna yana adaka, ban taɓa haɗa su wuri guda ba sai da dutsen ya zauna a tafin hannuna. Na saya ɗaya, na ce wa Auta in mun koma gida akwai abin da zai harba mini. Ya dubi dutsen, ya dube ni, bai ce komai ba.

Akwai saƙon Hajiya, surukar Auta, na zane a marinar Ƙofar Mata, sai muka biya. A bakin ƙofar an rubuta 1498. Karofi da yawa sun bushe, kaɗan ne ke aiki. Wani marini ya tsoma farin ƙyalle a ruwan baba da toka, kumfa mai ruwan tagulla na yawo a sama. Ya ɗago shi kore-kore, ya shanya a iska, ina kallo koren yana juyewa yana zama shuɗi. Ya sake tsomawa. Na tambayi Auta ko bindigarsa za ta gane shuni, ya ce a'a, ita takan farfasa abu ne ta ƙirga sinadaran da ke ciki, kabon da sauransu, ba ta faɗin yadda aka ɗinke su. Wannan aikin wata dabarar ce, kuma ita na fi shi saninta.

A watan Fabrairun 1928 wani masani ɗan Indiya, C. V. Raman, ya nuna a Kalkata cewa idan haske mai launi ɗaya ya bugi abu ya watsu, wani ɗan mitsitsi daga cikinsa, wajen ɗaya cikin miliyan 10, yakan dawo da launinsa ya ɗan gusa. Gusawar tana bin yadda ƙwayoyin abin ke girgiza ne, kowane abu da nasa kiɗan. Da hasken rana ya fara, ya ci Nobel a 1930, amma dabarar ba ta yi ƙafa ba sai da lesa ta zo da haske mai ƙarfi mai launi ɗaya tak. Kyanta, ba ta ƙona abu. Shi ya sa masu adana kayan tarihi suke son ta. Akwai wani littafin Linjila na hannu a Ingila da ya haura shekara 1,200, an daɗe ana cewa shuɗin zanensa daga wani dutse mai daraja na Afganistan aka samo shi. Da aka haska masa lesa sai ga shuni, irin sinadarin da ke cikin karofin nan, daga wani ganye da ke tsiro a Turai. Ina tsaye a bakin rami na tuna littattafan malamanmu da ke cikin gafaka a zaurukan birnin nan, da jar tawada da rawaya da ake yi musu wasali da zayyana. Da za a haska su haka, da mun san da me kakanninmu suka haɗa tawadarsu, ba tare da an yage ko gefen takarda ba.

Muka tsaya sayen maganin maijego a wani shago wajen Sabon Gari, zancen Raman ya sake biyo mu. Tun wajen 2010 hukumar NAFDAC take amfani da wata na'urar hannu mai suna TruScan, tana haska ƙwayar magani ta cikin ledarsa, ta gwada da na ainihi, ta ce ya yi ko bai yi ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2017 cewa ɗaya cikin 10 na magunguna a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi jabu ne ko marasa inganci. Na'urar tana kama wanda aka cika da alli ko gari. Wanda aka sa masa sinadarin gaskiya aka rage mudu kuwa yakan iya zille mata, sai ɗakin gwaji. An ma ƙara gaba, a Ingila an fito da hanyar da lesa ke karanta abin da ke cikin robar da ido ba ya ratsawa, ana amfani da ita a filayen jirgin sama. Duk ina sauraron kaina ina wannan bayani, hankalina na kan dutsen da ke jakata.

Bayan isha'i, gida ya ɗan lafa, muka shiga ɗakin Auta muka tura ƙofa. Ya fara da dutsen Kurmi. Ƙas-ƙas-ƙas. Ya juyo mini allon, ya buɗe zanen layukan. Ga wani dogo tsaye a 405.8, ga 'yan uwansa a gefe. A ƙasa an rubuta Pb. Dalma.

Na kwance gyalen, na fito da tandun. Ya ce, "Yaya, na Inna ne fa." Na ce na sani. Na zazzaga kaɗan a farar takarda, baƙi mai ƙyalli, laushi kamar bula. Ya danna garin a jikin salatif har ya kama, ya harba wuri biyar. Sau biyar layin nan yana tashi a inda ya tashi da farko. Ya ce na'urar ba a saita ta don irin wannan gari ba, saboda haka ba zai ba ni adadi ba, amma wannan ba ɓurɓushi ba ne, dalma ce jikin abin. Ya yi shiru, ya fita. Ya dawo da 'yar kwalbar da aka sa wa ɗansa kwalli da ita tun ranar haihuwa. Hannunsa na rawa ya harba. Ita ma haka.

Duk ɗan Zamfara ya san kalmar gubar dalma, kuma ba a makaranta ya koye ta ba. A 2010 likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka lura yara na mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, suna suma, suna sanƙarewa, ana ba su maganin zazzaɓi ba ya ci. Dutsen zinaren da ake haƙowa cike yake da dalma, ana kawo shi gida ana daka a turmi, ana niƙa a injin da ake niƙa hatsi, ƙura na sauka a tsakar gida inda yara ke rarrafe. Yara fiye da 400 suka rasu, a Dareta da Abare da Yargalma da Bagega da maƙwabtansu. Sai da aka kankare ƙasar gidaje aka zuba sabuwa, ta Bagega ma sai a 2013. Masu aikin da na'urar hannu suka riƙa bin gida gida suna auna ƙasa, mai hasken hoton ƙashi ce ba lesa ba, amma dalilin ɗaya ne: dalma ba ta da wari, ba ta da ɗaci, uwa ba za ta gan ta a hannun ɗanta ba. Ina da ɗalibai daga wannan yanki. Akwai wadda ƙaninta ya rayu, amma har yau bai iya haɗa harafi biyu ba.

Kwalli ba ya kisa irin na Bagega, kuma ba na son in firgita kowa da abin da ya wuce gaskiya. Sai dai likitoci sun ce babu wani adadin dalma a jinin yaro da za a kira lafiya lau, tana taɓa ƙwaƙwalwa a hankali, tana rage fahimta, ba a ganin ranar da ta yi ɓarnar. Jikin ƙaramin yaro yana shanye dalmar da ya haɗiya ninki 4 zuwa 5 na babba. Jariri kuwa aikinsa ke nan, ya murza ido ya kai hannu baki. A 2012 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da rahoton wani jariri ɗan asalin Najeriya a birnin Boston da aka samu dalma ta hau a jininsa. Da aka bi sawu, kwallin da aka kai masa daga gida ne, kashi 82.6 cikin ɗari nasa dalma.

Daren nan maijego da kanta ta jiƙa auduga da ruwan ɗumi ta goge idon ɗanta, tana yi tana hawaye. Na ce mata kwana biyar ba shekara biyar ba ne, ta kwantar da hankalinta, in sun je awo ta faɗa wa likita abin da aka sa masa. Mai wuyar ita ce Hajiya. Da safe na same ta ita kaɗai tana tsince shinkafa, na durƙusa na gaishe ta, na zauna a ƙasa kusa da ita. Na faɗa mata abin da muka gani, ban ɓoye cewa na mahaifiyata ma haka ya nuna ba, don kada ta ɗauka kwalbarta ake zargi. Ta saurare ni har na gama. Ta ce, "'Yar nan, kwalli fa sunna ne. Mu da shi aka rene mu, ga mu garau." Na ce haka ne Hajiya, ba kwalli nake ja da shi ba. Wanda hadisi ya yaba sunansa ismid, masana da yawa suna cewa dutsen antimoni ne. Shi da galina kamarsu ɗaya, toka-toka masu ƙyalli, in an niƙa su ko mai sayarwa ba lalle ya bambance ba. Abin da ke hannunmu dai an duba, dalma ce. Babba ya ga dama ya sa wa kansa abin da ya yarda da shi, amma a ɗaga wa jariri ƙafa.

Ta daɗe tana juya shinkafa a faifai. Can ta ce a kira mata Auta da abin nasa. Ta shiga ɗaki ta fito da kwalabe uku, ɗaya tsarabar Makka ce, ɗaya ta kanti mai kamar alƙalami, ɗaya tata ta kullum. Ta sa tabarau ɗin da kanta, ta zauna a kujera 'yar tsugune tana kallo ana harbawa. Biyu suka nuna dalma, ta kantin ba ta nuna ba. Ba ta ce ta yarda ba, ba ta ce ba ta yarda ba. Amma ranar suna, gida cike da mata, wata gwaggo ta ɗaga yaron ta ce wane irin jego ne wannan ido fari fat, a miƙo mata kwalli. Daga bakin murhu Hajiya ta ce, "A bar shi haka, ni na hana." Ba wadda ta ƙara magana.

Kano ta Dabo, ko da me ka zo an fi ka. Birnin da ke da Kurmi da Ƙofar Ruwa da Dawanau da masana'antun fata na Challawa da Sharaɗa, da masu zuba tukwane daga narkakken gwangwan, ya isa a ce akwai rumfa guda a kowace babbar kasuwa inda mace za ta kai kwallinta ko tukunyarta a harba mata a kan kuɗi kaɗan. Na'urar na da tsada, ta fi ƙarfin mutum ɗaya, amma ba ta fi ƙarfin ƙungiyar 'yan kasuwa ko jami'a ko gwamnatin jiha ba. Mai koli a Kurmi ba mugu ba ne, abin da ya gada yake sayarwa, kuma na tabbata da zai ga layin nan da idonsa, da ya nemi wani dutsen.

Kwana biyu bayan suna na kamo hanyar gida, tandun na ƙasan jaka yadda ya zo. Tun daga Gwarzo nake shirya maganar da zan yi, ina rushewa. Na isa bayan la'asar, na tarar da Inna a tsakar gida tana jan carbi. Bayan gaisuwa da labarin suna da wanda yaron ya ɗebo kama, ta ce, "Kin sa masa?" Na ce ban sa ba, Inna. Na fito da tandun na ajiye a gabanta, na faɗa mata komai, tun daga dutsen Kurmi har kwalaben Hajiya. Da na ambaci dalma sai ta ɗago kai, ta ce, "Irin ta Bagega?" Na ce irinta.

Ta ɗauki tandun tana shafa shi da babban yatsa. Ta ce na mahaifiyarta ne, da shi aka kawo ta gidan nan. Na ce ba wanda ya ce a yar, a wanke shi a ajiye. Ta yi shiru har aka fara kiran magariba. Sannan ta tura shi ƙarƙashin buzu, ta dafa kafaɗata za ta tashi alwala, ta ce, "'Yar gidan liman watanta ya tsaya, kuma ni na yi mata alkawarin kwalli. Gobe da safe ki raka ni, ke za ki yi musu bayanin."